Murfin Kwalba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatu da aiki kuma ba su gama cinye ki ba a can. Mu nan lafiya lau, gwargwadon yadda mai ciwon gaɓɓai take iya cewa lau. Gwaggo ta leƙo mu kwanaki, ta duba labule, ta duba ni, ta ce labulen ya fi ni buƙatar kulawa.

Kafin ki fara zare ido: e, wannan ba rubutuna ba ne. Na mijina ne, Malam Ba-Komai, kamar yadda kika raɗa masa. Ni nake faɗa, shi yake rubutawa, da rubutun nan nasa na allo da yake jera wa ɗalibai sunayen koguna. Biro ne ya ƙi ni. Yatsuna sun daina yarda su matsu a kan abu siriri, shi ya sa kika ji ni shiru watannin nan. Na yi ta jira su sauko, ba su sauko ba, na ga gara in ɗauki magatakarda tun da ina da na kyauta a gida.

Amma ban da biro, albishirinki: sauƙi nake samu. Da gaske. Bara war haka, kin tuna, sai an ciccibe ni daga kujera kamar buhu. Yanzu da kaina nake tashi. Ina buɗe famfo. Ina buɗe kwalbar sukari, ina ɗaga butar shayi, ina saka maɓallan rigata ba tare da na tsine wa wanda ya ƙirƙiro maɓalli ba. Na jera wa Likita duk wannan, ya ɗaga gira, ya ce madalla, ya rage mini maganin nan mai tayar da zuciya. Na fito daga ofishinsa kamar wadda ta ci jarrabawa. Har na fara tunanin in aika ɗakin karatu su share mini teburina, in koma in ga irin ɓarnar da suka yi wa jerin littattafai a bayana.

Matsalata yanzu ba ciwon ba ne, mai gidan ne. Shi ma ya kamu da nasa, ciwon gyare-gyare. Mutumin da ba ya buga ƙusa sai ya haɗa da yatsa. Ya cire sakatar banɗaki, wai ta yi tsatsa, har yau bai sa wata ba. Ya canza makullin ƙofar gida. Kofunan tangaran ɗin da kika ba ni, ki yi haƙuri, sun ƙare. Ɗaya bayan ɗaya suke fashewa a hannunsa, ya maye gurbinsu da wasu na roba masu launin da ba zan ɓata miki rai da faɗarsa ba. Takalmana masu igiya sun yi ɓatan dabo. Asibiti kuwa ƙafata ƙafarsa, ya zauna a gefe shiru kamar jakar hannuna. Kafin in farka ya riga ya shiga kicin yana ƙwaram-ƙwaram, in na tambayi me yake yi, kin san amsar. Sunan nan nasa ne: ba komai.

Duk wannan yana rubutawa, fuskarsa ko gezau. Na ce ya rubuta cewa shi mutum ne mai ban haushi. Ga shi nan ya rubuta, har yana tambayata ko a ja layi a ƙarƙashi.

Ki ba ni labarin ofishin naki. Har yanzu matan da mazansu suka addaba ne ke cika miki benci? Ki riƙa cin abinci, lauya ba ta rayuwa da takarda.

Autarki

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da wasiƙarki ta zo ban zauna daidai ba. A tsaye na karanta ta a gidan waya, na sake karantawa a mota har na wuce inda nake sauka.

Ki karanta wannan ke kaɗai. Kada ki bari ya gani. In kin gama ki ƙona ta.

Kin san aikina. Kullum akwai mace zaune a gabana, jaka a cinya, tana ce mini mijinta mutumin kirki ne, kawai dai. Daga “kawai dai” nake buɗe biro. Auta, abin da kika jera mini kina dariya, ni a fayil nake ganinsa, kuma ban taɓa samun wadda ta jera shi tsaf kamar ke ba. An cire sakata daga ɗaki ɗaya tilo da mace take iya rufe kanta a ciki. An canza makulli. Kaya suna fashewa a hannun namiji. Takalman fita sun ɓace. Ba kya ganin likita ke kaɗai. Sannan wasiƙar da take gaya mini komai lafiya, da hannunsa aka rubuta ta.

Ki kuma warware mini wannan: wace irin mace ce take ɗaga butar shayi, take saka maɓalli, amma ba ta iya riƙe biro? Ni dai abin bai haɗu mini ba. Ko dai sauƙin ba gaskiya ba ne, ko biron hana ki aka yi.

Ban taɓa ɓoye miki ba, shirunsa bai kwanta mini ba tun farko. Ranar da kika fara kawo shi gida, Gwaggo ta zuba masa gishiri a shayi bisa kuskure, ya shanye tas ya ce ba komai. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Mutumin da bai taɓa cewa akwai komai ba, wani wuri yake tara shi.

Ki rubuto mini da hannunki, ko layi ɗaya ne, ko da kaza ta fi ki iya rubutu. In ban ga hannunki ba, na san abin da zan yi.

Yayarki

*

Yaya lauya,

Gaisuwa mai yawa. Jiki da sauƙi, sai idanu da suka bushe kwanakin nan kamar an watsa musu yashi. Likita ya ce cikin kayan ciwon ne, kyauta ake haɗo shi. Na fara da wannan ne don ki gane yadda aka yi. Wasiƙarki ta zo ranar da ba na iya kallon farar takarda, sai na miƙa wa mai gadin kurkukuna na ce ya karanta mini.

Ya gyara tsayuwa. “Ki karanta wannan ke kaɗai,” in ji shi, da muryar aji. Ya tsaya ya dube ni. Na ce ci gaba. “Kada ki bari ya gani.” Ya sake tsayawa. Na ce, “Malam, ai ka riga ka gani, ƙarasa.” Yaya, ko harafi bai tsallake ba. Da ya zo kan kaya suna fashewa a hannun namiji sai da ya gyara murya. Da ya zo kan shayi mai gishiri ya ce, “Ashe ta lura.” Ni kuwa dariya, har haƙarƙarina suka shiga sahun masu ciwo. Da ya gama ya ninke ta a hankali, ya tambaye ni ko shi zai ƙona ta, ko za mu jira yatsuna su iya ƙyasta ashana.

Bayan dariyar ta tafi sai mamaki ya zauna a gurbinta, kuma har yanzu bai tashi ba. Ke, Yaya? Ke da kika goya ni? Kin ɗauke ni kin ajiye a bencinki, kin ɗora mini jaka a cinya. Na ba ki labarin mutumin da bai iya riƙe kofi ba, kin mayar mini da shi dodo. Wannan mutumin da in ƙudan zuma ya shigo ɗaki sai ya buɗe masa taga yana ba shi haƙuri.

Maganar buta da biro, da tafin hannu ake ɗaga buta, biro kuwa yatsu yake so. Maɓalli ban sani ba, ban tambaye shi dalilinsa na yi mini biyayya ba, na karɓa da godiya.

Ba zan rubuto da hannuna ba. Ba hana ni aka yi ba, ni ce ba na son ki ga abin da zai fito. Ki bar mini ɗan abin da ya rage na ji da kai.

Auta

Daga mai rubutu: Yaya, ina gaisuwa. Abin da ta faɗa na rubuta. Ba komai.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina fata idanun sun yi sauƙi. Amsarki ta daɗe a hanya. Na jira har na gaji. Na buga wayar makarantarsu aka ce yana aji, na sake bugawa aka ce ya tafi gida, wai kullum da wuri yake tafiya. Da shirun ya yi yawa sai na rubuta wa Gwaggo na gaya mata komai. Tawa ta tafi, taki ta iso.

Na karanta, kuma ban ga abin da zai sa in janye ba. Shi ya karanta, shi ya rubuta amsa, ya kuma sa hannu a ƙasa kamar mai duba jarrabawa. Gwaggo za ta zo ta ɗauke ki, ki yi kwanaki a wajenta. In ni ce na yi kuskure, kwanakin ba za su rage ki da komai ba. Ki yi fushi da ni a can, inda ƙofa take da sakata.

Yayarki

*

Yaya,

Ga hannuna. Ke kika nema.

Ina gidan Gwaggo. Ta zo da wasiƙarki a jaka kamar sammaci. Na dubi Malam in ji ya ce ba inda za ta. Ya ce ba komai, ta je ta huta. Don haushi na shiga mota. Na ce bari in nuna muku na warke.

Yaya, jikin ya rushe. Rana ɗaya. Ba na iya tashi daga kujera. Famfo ya ƙi. Sukari ya ƙi. Na tura sakatar taki a banɗaki, na kasa jawo ta. Sai da aka kira kafinta ya cire ƙofar, ina zaune a bakin baho ina jin sa yana tambaya ko babba ce a ciki.

Ban san me ya same ni ba. Ina jin tsoro.

Tun safe nake wannan. Ba zan iya ƙari ba.

Auta

*

Autata,

Inna lillahi. Na buɗe ambulan na ɗauka kuskure aka yi, ba tawa ba ce. Sai da na kai ƙasa na ga sunanki. Ke da malamai suke ɗaga littafinki su nuna wa aji. Na zauna a kan matakala, maƙwabciyata ta tsallake ni da kayan wankinta tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na ce ki rubuto ko kaza ta fi ki. Wasa nake, Auta. Ban san inda abin ya kai ba. Ki yafe mini wannan layin, da na sakatar.

Amma ki saurare ni. Mutum ba ya rushewa rana ɗaya don ya canza gida. Ku je wajen Likita ke da Gwaggo, ban da shi. A sake duba komai daga farko. Ki tuna da kyau, akwai wani abu da yake ba ki a gida wanda ba Likita ya rubuta ba? A shayi, a abinci? Ban ma san me nake zargi ba yanzu. Na dai san akwai abin da ke cikin gidan can da babu shi a na Gwaggo.

Kada ki sake wahalar da hannun. Gwaggo ta yi shekaru tana shugabar makaranta, ta iya riƙe biro, bakinta ne kawai ba ta iya riƙewa.

Yayarki

*

Yaya,

Muna gaisuwa ni da sabuwar magatakardata. (Ni ce Gwaggonku. Ina lafiya, ban da gwiwa. Abin da ta faɗa zan rubuta, amma ni ba mijinta ba ce, inda na ga dama zan sa baki.)

Kin yi gaskiya, akwai abin da ke gidan can da babu shi a nan. Ki nemi wuri ki zauna, ba matakala ba.

Mun je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, Likita ya ɗaga shi a haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Malama, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Gaɓɓan nan sun daɗe suna ci gaba da lalacewa. Wa ya ce miki kina samun sauƙi?” Na ce, “Ni na ce maka.” Ya mayar da maganin yadda yake, ya ƙara da allura. Ya kuma gaya mini, da ladabin nan nasu, cewa wani abu daga cikin abin da ya lalace a watannin da aka rage maganin ba zai dawo ba.

Na dawo gida kaina ya kulle. In ciwon bai taɓa sauka ba, to wace ce take buɗe sukari a gidana?

Gwaggo ta yarda Malam ya riƙa zuwa da la’asar, iyakarsa falo. Shekaranjiya ya zo, ya gaishe mu, ya ce zai wanke hannu. Shiru, shiru. Gwaggo ta bi sawu. Ta same shi a kicin ya jera kwalabenta a kan tebur, yana murɗe murfin kowacce, sannan ya mayar ya ɗora shi sama-sama, yadda ko iska ta taɓa zai buɗe.

Ina jin su daga falo.

“Malam, me kake yi wa sukarina?”

“Ba komai, Gwaggo.”

“Yau dai akwai komai. Ɗauko jakarka ka fito.”

(Na sa ya juye ta a kan darduma, kamar yadda nake yi wa masu satar amsa.) A cikin takardun ɗalibai ga gutsattsarin katako an goge su sumul, ga ɗan gwangwanin mai, ga allura da zare da ƙaramin almakashi.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ranar man shafawa.”

Sai da na yi tunani. Wata safiya ce bara, na kasa buɗe kwalbar mai, na zauna a banɗaki na yi kuka, na bar ruwa yana zuba don kada ya ji. Ashe ya ji.

Daga nan sai da na riƙa jawo maganar kamar mai cire ƙaya. Kujerata ba ni na koyi tashi daga kanta ba, ita ta taso ta same ni: katako yake sa mata a ƙafa, kaɗan-kaɗan don kada in lura, rigar kujerar ta rufe. Gado ma haka. Ƙwaram-ƙwaram ɗin safe, zagayen murfi ne da famfo, yana sassauta duk abin da zan taɓa ranar. Butar shayi ba tawa ba ce, ya nemo mai kama da ita marar nauyi, kuma rabi yake cika ta. Makulli ya canza ne da mai laushi. Takalma masu igiya ɓoye su ya yi, don kada in yi fama da ɗauri. Maɓallai kuwa, Yaya, riguna yake ɗauka ɗaya-ɗaya a jaka, ya zauna a ɗakin malamai lokacin hutun tara yana faɗaɗa ramukan da almakashi yana bi da zare, abokan aikinsa suna tambayarsa nawa yake ɗinka zani. Kofunanki suna cikin kwali a saman kabad, lafiyarsu lau. Ɗaya kawai ya fasa, da gangan, don in ji ƙara in yarda. Na ce sakata fa? Ya dubi inda ƙofar banɗakin Gwaggo take a da. (Har yanzu tana jingine da bango. Kafintan ya ce zai dawo.)

Har nan Gwaggo tana share ido da gefen mayafi. Ni ban kai nan ba. Na ce, “Kana zaune a gefena na ce wa Likita ina buɗe komai.”

“Ina zaune.”

“Ka ji ya rage magani.”

“Na ji.”

“Me ya rufe maka baki?”

Ya daɗe yana kallon katakon. Ya ce, “Kin yi dariya a mota ranar. Na daɗe ban ji ba. Na ce gobe zan koma in gaya masa ni kaɗai. Kullum sai in ce gobe.” Na jira sunansa ya fito. Bai fito ba. Ya ce, “Na cuce ki.”

Yaya, ni da nake taƙama da ido. Ni da nake hango littafi ɗaya da aka sa ba a gurbinsa ba daga bakin ƙofa. Shekara guda ina yawo a cikin gidan da aka shirya mini kamar dandalin wasan kwaikwayo, ina karɓar tafi. Ba ni nake samun sauƙi ba, gidan ne yake samu. Biro kaɗai ya gaya mini gaskiya, shi ma don bai san yadda zai sassauta shi ba ne.

Ba a taɓa so na haka ba. Ba a kuma taɓa yi mini ƙarya haka ba. Kuma mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ne, da almakashi ɗaya. In na dubi yatsuna sai in ji kamar in shaƙe shi, sai in tuna ba zan iya ba, sai in tuna cewa shi ɗin ne ma zai sassauta mini wuyan nasa. Na ce masa ya tafi, ban san ranar komawata ba, ban ma san ko akwai ta ba. Ya tattara takardunsa, ya bar katakon a bakin ƙofa. (Na sa su a ƙafar kujera da kaina. Gwiwoyina sun shaida, yaron nan ya san abin da yake yi. Ni dai na ce ta koma. Ta ce ba a tambaye ni ba.)

To lauya, a wane fayil za ki sa wannan?

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku, ke da Gwaggo da ƙofarta. Allah ya sa allurar ta karɓe ki.

Ba ni da fayil. Na duba, babu. Na yi shekaru ina sauraron abin da maza suke yi a bayan ƙofa, ban taɓa jin wanda ya faɗaɗa ramin maɓalli ba. Na karanta wajen ɗakin malamai sai na tashi na rufe ofis, na ce wa masu jira su ba ni minti kaɗan. Ni da na ɗauka guba yake zuba miki a shayi.

Abin da ya jawo miki na gaske ne. Kada ki bari Gwaggo ta shafa masa mai. Yatsunki ne, ke kaɗai kika san abin da aka ɗauke miki, kuma yana ji likita ya rage magani amma ya ja bakinsa. Amma ki lura da abu ɗaya, tun da lura sana’arki ce. Matan da ke zama a bencina, in an kama mazansu, ba wanda yake cewa na cuce ki. Cewa suke ke kika jawo.

Ba zan ce ki koma ba, ba zan ce kada ki koma ba. Na yi amfani da damata ta ba da umarni, kin ga inda ta kai mu.

Layin nan na ƙasa nasa ne. A ba shi ya karanta, da muryar aji.

Malam, na yi maka mummunan zato, kuma na yaɗa shi. Ka yafe mini. In ka ce ba komai, zan hau jirgi in zo in same ka.

Yayarku

*

Yaya,

Gaisuwa. Hannuna ne, kamar yadda munin ya nuna miki. Kaɗan-kaɗan nake yi, kwanaki ke nan, kada ki damu. An naɗa wa biron soso da bandeji har ya yi kaurin muciya. Kafin Malam ya naɗa sai da ya tambaye ni. Wannan ce sabuwar dokar gidan.

E, na koma. Ba don Gwaggo ba, ko da yake zama da ita yana sa mace ta ga kyawun kowane miji. Na koma ne don wata safiya na ga kaina ina jiran ƙwaram-ƙwaram a kicin, na ji shiru, na ji shirun ya fi gaɓɓan ciwo.

Na kafa sharuɗɗa. Ranar farko ya zaga da ni gidan ɗaki-ɗaki ya nuna mini duk abin da ya taɓa, kamar mai yi wa baƙi jagora a gidan tarihi. Akwai waɗanda bai faɗa a gaban Gwaggo ba. Har madubi ya sauko da shi don kada in ɗaga wuya. Na bar komai yadda yake, ni ba mahaukaciya ba ce. Bambancin kawai yanzu na san wanda nake hawa kansa in na tashi daga kujera.

A asibiti kuma ya daina zama jaka. Wancan makon Likita ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Sai na ji murya a gefena: “Ba haka ba ne, Likita, jiya ta kasa ɗaga bargo.” Saura kaɗan in nemi lauya a wajen.

Saƙonki ya karanta, a tsaye. Ya ce in gaya miki ya ji zafi, kuma ya wuce. Kin ga ba sai kin hau jirgi ba.

Sharaɗin ƙarshe kwalba ce. Sabuwa, babu komai a ciki, tana kan taga. Gwaggo ce take ɗaure murfin in ta zo, shi kuwa ko ƙurarta ba ya gogewa. Kowace safiya sai na gwada ta. Abin da ta ce, shi nake kai wa Likita.

Yau ba ta buɗe ba. Jiya ma haka. Na murɗa, na huta, na sa ta a ƙirji na sake murɗawa. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa a baya kamar ɗalibin da aka sa horo. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya mayar. Gumi a goshinsa, kai ka ce shi ke murɗawa. Mutumin nan ya ɗaga ni, ya yi mini wanka, ya tsefe mini kai, ban taɓa ganin abin da ya ba shi wuya kamar tsayuwar nan ba.

Na ajiye ta na ce, “Yau ta ci ni.”

Ya ce, “Ta ci ki.” Sannan ya ce, “Roba ko tangaran?”

Na ce tangaran, naki, zan riƙe da hannu biyu. Da ya miƙo mini kofin na ga sawun farcensa a bayan hannunsa, inda ya riƙe kansa.

Na ce, “Na gode, Malam.”

Ya ɗauko sunansa zai faɗa. Na ɗaga masa yatsa, wanda ya fi karkacewa. Ya haɗiye.

Ya ce, “Da wuya.”

Na ce, “Na sani.” Na sha shayina.

Autarki